Sukurun Gadon Hassana

Wanda bai zauna Zangon Agege a shekarun yaƙin Turawa ba, bai san yadda ɗan ƙaramin ƙarfe ke wulaƙanta babban mutum ba. Jiragen ruwa suka daina zuwa Apapa, wai nutsar da su ake yi a teku. Katako kam ga shi jibge, amma sukuru da hinji da sifirin ɗin gado duk daga Turai ake kawo su, duk kuma suka yi ɓatan dabo.

Shitu kafinta ne abin ya fi ci. Haifaffen Ikko ne, jikan tsohon soja, gwani a sana'arsa, sai dai kullum idonsa na kan benayen fataken goro. Shagonsa ya cika da kujeru masu rawa da gadaje masu rami a tsakiya, masu su na zuwa suna zazzaga masa rashin mutunci. Da ya yi haƙuri kamar sauran kafintoci, da ya ci tuwonsa ko ba miya. Ina! Sai ya tsallaka layin dogo da rana tsaka, ya nausa gonakin goro wajen wani boka da ake kira Talle.

Bukkar na ƙarƙashin itatuwan da rana ba ta ratsa su. Tsuntsu ba ya kuka a wurin. A ciki akwai tukunya baƙa wadda jini ya bushe a bakinta, an naɗe ta da tsatsattsiyar sarƙar jirgin ruwa. Talle na zaune a kan kujera mai ƙafa biyu, kujerar ko motsi ba ta yi.

"Oga kafinta," in ji shi, "jirgi kake nema, ko abin da ke cikinsa?"

"Abin ciki, Baba."

"Ni ba maƙeri ba ne. In kujera ta rasa sukuru, ba ku da sabo, yaya kuke yi?"

"Mu ciro daga wata."

"To, haka ni ma nake aiki. Kawo mini sukuru ɗaya daga gadon duk mai kwana a gidanka. Akwatinka ba zai ƙara rasa kaya ba."

"Shi ke nan? Ba rago?"

"Shi ke nan. Sai dai abin da ya shiga kujerar wani, ba ni da ikon dawo da shi."

Shitu ya yi dariya a ransa, don kowane kafinta ya san sukuru ɗaya ba ya ka da gado. Ya ciro daga gadon mahaifiyarsa Inno, da na matarsa Mero, da na 'yarsa tilo Hassana. Nasa gadon kuwa bai taɓa shi ba, ku dai ji wayon banza. Talle ya jefa su a tukunya, ya yanka baƙin zakara a kai. Tukunyar ta yi ƙara irin ta tsohon gado.

Tun daga ranar, in Shitu ya buɗe akwati sai ya tarar da kaya sababbi fil, da ɗumi kamar jikin mutum. Aiki ya riƙa zuwa daga Ebute Metta, daga Ibadan, har Kano ake loda kujerunsa a jirgin ƙasa. Ya gina bene ya fi na fatake tsawo.

Inno ta fara. Gwiwoyinta suka saki, sai kafaɗu, sai wuya. Matan da suka yi mata wanka sun ce kamar tsumma suka ɗauka. Aka ce tsufa ne. Mero kuwa ta soma cewa kujerun shago na kiranta da muryar Inno, ta yaga zane ta shiga kasuwa, aka tsinci gawarta a gefen layin dogo. Wallahi a lokacin Shitu ya gane. Amma wani attajiri ya ba shi aikin kujerun gida guda, sai Shitu ya ce bari ya gama wannan tukuna.

Wata safiya Hassana ta kawo masa koko, kwanon ya suɓuce mata.

"Baba," ta ce, "yatsuna sun ƙi riƙewa."

Ya ruga wajen Talle yana kuka, ya ce a karɓi benen.

"Me zan yi da bene?" in ji boka. "'Yarka na cikin kujerun mutane. Je ka ciro ta."

Ya bi gida-gida da sukudireba yana roƙo, ana korarsa. Ina zai kai Ibadan, ina zai kai Kano? Hassana ta cika a hannunsa, a makon da jirgi ya sake tsayawa a Apapa. Kafin a yi sadakar arba'in, yara na tallan sukuru a faranti kamar gyaɗa.

Na sha ganinsa a tashar Agege, kusan tsirara, yana ciro sukurun bencin fasinjoji. Kowanne ya ciro sai ya kai shi kunne ya ce, "Hassana, ke ce?"

Kai mai gaggawar arziki, ka ji tsoron Allah. Jirgin da ya makara zai iso wata rana. Abin da kwaɗayi ya ciro daga gidanka kuwa, babu jirgin da zai dawo maka da shi.