Bugun Zuciya a Shataletale

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, zagi yake surfawa. Wata mota ce ta goge shi a shataletale, ya kife da kekensa, kwalayen maganin da yake kai wa shaguna suka watse a titi. Ita kuwa aikin ofis ne ya tsayar da ita wurin: tana ɗaura wa masu keke wani agogo mai auna bugun zuciya, don a gano titunan da suka fi tayar musu da hankali.

"Malam, in ɗaura maka?"

"Ki auna me? Ga jini a gwiwata, wane awo kuma kike nema?"

"To ni na buge ka? Miƙo hannu!"

Ya miƙa yana harararta. Tun daga nan kullum sai ya zo mayar da agogo, kullum sai sun yi faɗa, har faɗan ya koma waya.

"Masifaffiyata, yau ma na tsallake da raina. Ki duba na'urarki, rabin bugun nan naki ne."

"Kar ka ɓata min lissafi, Dogona. Ka sa hular kwano ko in daina amsa maka."

Da maganar aure ta taso, Abbanta ne ya zama matsala. Direban bas ne, kuma duk duniya ba abin da ya tsana irin mai keke. Ko ganin Dogo ya ƙi yi.

"Waɗannan masu shiga gaban mutum kamar ƙudaje? Ga ɗan abokina mai shagon taya, da motarsa! Ba da yawuna ba."

Ran Auta ya ɓaci ƙwarai. Ba ta ƙaunar mai taya, ba kuma za ta yi aure babu albarkar Abba ba. Ranar hutunsa ta dire agogon a gabansa.

"Abba, ka yi haƙuri, amma daga sama kake ganin titin nan. Ka hau keke ka zaga sau ɗaya. In zuciyarka ba ta tashi ba, na bar maganar."

Girman kai ya sa ya ari keken maƙwabci. Ai kuwa ta yi da-na-sani! Jiƙe da gumi ya dawo, ya fizge agogon ya wurga mata.

"Wannan bala'in yake shiga kullum? To yanzu na ƙara ƙi! So kike a kawo miki gawa?"

Cike da takaici ta buɗe kwamfuta. Bugun ya yi sama kamar na kowa, amma a tsakiyar shataletale sai ya sauka.

"Abba, nan kowa zuciyarsa tashi take. Me ya kwantar da taka?"

Ya ce, "Wani mahaukaci ne ya shiga tsakanina da bas, yana cewa, 'Baba, bi a hankali, ina nan.' Bai kauce ba sai da na fita."

Suna cikin haka aka yi sallama. Dogo ne riƙe da kekensa, hannun rigarsa a yage. Tun da ta gaya masa shirin ya kasa zama, ya bi bayan tsohon.

"Abba, ga mahaukacin."

Abba ya yi kansa da faɗa. "Kai wane irin marar hankali ne? Da motar ta taka ka fa?"

"Da kai ta taka, Baba, da wane ido zan kalle ta?"

Abba ya ja tsaki, ya goge fuska. "Ka turo manyanka kafin in sake shawara."

Ranar ɗaurin aure ma bai huce ba. Ya damƙi kafaɗar ango.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya dawo mata da kai gida kullum. Duk direban da ya ƙara matse min suruki, ni da shi ne!"

Auta ta ce amin, kuka ya ƙwace mata.