Ranar da Aka Ɗauke Kan Keken Zulaihatu

Zulaihatu tana zaune a zauren gidansu a Kankara, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Mas'udu yana can gefen tabarma yana nuna mata hotuna a wayarsa. Malamin firamare ne a Faskari. An riga an kawo lefe, saura a tsayar da rana. Ya yi mata alkawarin keken ɗinki tun da ta gama koyo, shi ne yau ya zo su zaɓa.

"Kalli farin nan," in ji shi. "Na lantarki ne, otomatik. Dannawa kawai za ki yi."

"Yaya Mas'udu, da wace wutar? Yaushe rabonku da ganin Nepa a Faskari?"

Ya yi dariya. "Kin ƙure ni."

"Ni baƙin nan na ƙarfe nake so, na ƙafa. In ya lalace kowane mai gyara ya san kansa. Kuma ka duba teburin da kyau, kar a haɗa ka da katakon da ke kumbura in ya ji ruwa. Mai durowa nake so, inda zan sa zare da almakashi. Ka girgiza shi, in ya yi rawa ka bar musu abinsu."

"An gama, ranki ya daɗe, Hajiya tela!"

Yadda ta ce haka aka kawo. Abin da ta fara yankawa atamfa ce, za ta yi wa Hajiya Baraka, mahaifiyar Mas'udu, riga. Ta kai rabi ke nan aka yi bikin ƙawarta a Pauwa. A hanyar dawowa babur ɗin da ya ɗauko ta ya zame a wani kwazazzabo. Ƙafarta ta dama ta karye a gwiwa. An yi ɗori, an je asibiti, ƙashi ya haɗe, amma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Likita bai ɓoye musu ba: za ta yi tafiya da sanda, taka keke kuwa sai dai haƙuri.

Mas'udu ya ci gaba da zuwa dubiya. Sai dai magana ta fara zagayowa daga Faskari, wai Hajiya Baraka ta ce wa zai yi wa ɗanta daka da ɗiban ruwa? A shekarar ne kuma aka katse layin waya a yankin saboda matsalar tsaro. Babu mai kiran wani ya ji gaskiyar zance.

Wata Talata da hantsi aka yi sallama. Gide ne, direban Faskari, ya tsayar da motarsa a ƙofar gida. Malam Almu, mahaifin Zulaihatu, yana gona. Ƙanwarsa Gwaggo Larai ce ta leƙo.

"Malam Mas'udu ne ya ce in ɗauko masa kan keken nan," in ji Gide.

"Ka ɗauko me?"

"Kan keke, Gwaggo. Sauri nake, fasinja na jira."

"Me ya ce za a yi da shi?"

"Wallahi bai faɗa ba. Cewa ya yi kawai in ɗauko."

Gwaggo Larai ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Amatullah! Fito ki gani! An zo karɓar kaya!"

Inna Amatullah, mahaifiyar Zulaihatu, ta fito hannunta duk ƙullu. A ƙasar nan kowa ya sani, saurayi ba ya aikowa a karɓi abin da ya ba budurwa sai in ya fasa. Gide ya cire bel ɗin da ke juya keken, ya kwance kan keken daga teburin, ya rungume shi ya fita. Zulaihatu tana kan kujera, ƙafa a miƙe, tana kallo. Ko kuka ta kasa.

Da Malam Almu ya dawo ya ji, sai ya ajiye fartanyarsa. Daga nan ya ce, "A haɗa musu lefensu. Duka. Ko tsinke kar a bari. Ba zan jira a zo a ci mini mutunci sau biyu ba."

"Baba," in ji Zulaihatu, "don Allah a ɗan dakata. Wanda ya zo karɓar kayansa ba ya ɗaukar kai ya bar teburi."

"Ke rufe mana baki!" in ji Gwaggo Larai. "Nauyi ya yi masa, gobe zai dawo ya kwashe. Har yanzu kare shi kike? Mutumin da ya ga ƙafarki ya juya baya?"

"Ni ban ji daga bakinsa ba, Gwaggo."

"Aiki ai ya fi baki faɗa!"

Aka fito da akwatuna, aka jawo teburin. Gwaggo Larai ta buɗe durowa don ta kwashe abin da ke ciki, sai ta zaro riga a ninke.

"Wannan fa?"

"Ta Hajiya ce. A bar ta a ciki."

"Wace Hajiyar? Wadda ta kira ki gurguwa? La'ilaha illallahu! Amatullah, 'yarki ta zautu!"

"Da sunanta na yanka, Gwaggo. Ko an fasa ko ba a fasa ba, tata ce."

Inna ta karɓi rigar ta mayar, ta rufe durowar, hawaye na zuba. Washegari kayan suka kama hanyar Faskari.

Mas'udu ba ya gari. Yana Sabuwa wurin wani mai gyaran keke da kafinta. Ranar Juma'a ya dawo da fara'arsa, ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya gaishe ta, sai ya yi turus. Akwatunan lefensa ne jere a jikin bango, ga teburin keke a gefe.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Abin da ka gani. Su suka dawo da shi, ba mu muka roƙa ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

"Dawo da shi? Me na yi musu?"

"Au, tambaya kake? Ba kai ka aiki Gide ya ɗauko keke ba? Ni har na ce yaron nan ya yi hankali."

Ya durƙusa a gabanta. "Gyara na kai shi! Mariƙi aka sa masa don ta riƙa juyawa da hannu. Safurayis nake so in yi mata, ta gan shi kwatsam ta yi murna!"

"Safura-me?" Hajiya Baraka ta saki baki. "Mas'udu! Duk karatunka ba ka san abin da karɓar kaya ke nufi ba? Ka aika direba gidan surukai, ba babba, ba bayani?"

"Wallahi ko a raina ban kawo ba. Hajiya, ki taimake ni. Ita nake so, da ƙafa ko ba ƙafa."

"Abin da ya wuce ya wuce. Ƙila Allah ne ya duba ka. 'Yan mata sun ƙare ne?"

Ya yi roƙo har muryarsa ta dushe, ta kau da kai. Da ya fita, ta tashi don ta matsar da teburin da ya tare mata hanya. Durowar ta zamo, riga ta faɗo. Ta ɗaga ta. Irin ɗinkin da take so ne, mai faɗin hannu, wuya a rufe. Ta gwada a jikinta, kamar an auna ta. Ta cire ta, ta juyo cikinta waje don ta duba ɗinkin, kamar yadda mata ke yi. Daga kafaɗa zuwa ƙugu ɗinkin keke ne, miƙe sambal. Daga nan zuwa ƙasa kuwa ɗinkin hannu ne, ƙanana ƙanana, allura bayan allura, wani wurin ya ɗan karkace kamar mai yin tana kwance.

Hajiya Baraka ta zauna a bakin gado. Wato yarinyar da take yi wa gorin ƙafa, tana kwance da karaya tana ɗinka mata riga. Kuma bayan an yi mata abin da ta ɗauka wulaƙanci ne, ba ta riƙe ta ba.

"Mas'udu!" ta ƙwala kira. "Je ka kira mini Baffanka Alhaji Mani. Maza!"

Ranar Lahadi motar Gide ta sake tsayawa a ƙofar gidan Malam Almu. Gwaggo Larai ta leƙo ta koma da gudu. "Sun dawo! Me kuma ya rage da za su karɓa?" Sai ga Hajiya Baraka ta shigo sanye da rigar.

A zaure Alhaji Mani ya yi bayani, Mas'udu na durƙushe kansa a ƙasa. Malam Almu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Kwana nawa 'yata ba ta ci abinci ba saboda wautarka. Ba ka da manya ne?"

"Na yi kuskure, Baba. A yafe mini."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Ita kaɗai ce ta ce a dakata, muka ƙi ji. In ta yarda, na yarda."

Aka shigo da kan keken, ga sabon mariƙi yana ƙyalli a jikin wilin da ke juya shi. Aka shigo da wani teburi gajere mai faɗi, ƙasansa a buɗe, da ɗan katako a gefen dama inda za ta ɗora ƙafarta a miƙe. Zulaihatu ta dube shi ta dubi Mas'udu, wanda ya tsaya daga bakin ƙofa ya kasa haɗa ido da kowa. Ta sa hannu ta girgiza teburin. Bai motsa ba. Ta ja durowa, ta buɗe sumul.

"Na girgiza shi kafin in karɓa," in ji Mas'udu a hankali.

Ta sa ƙyalle, ta juya mariƙin. Keken ya ɗauka, ƙararsa ta cika gidan. Sai a lokacin kukan da ta riƙe tun ranar Talata ya ƙwace mata. Hajiya Baraka ta matso ta rungume ta.

"Ki yafe mini, 'yata. Na duba ƙafa na manta da hali."

"Ba komai, Hajiya. Ta yi miki daidai?"

"Ba ki gani ba?"

Gwaggo Larai ta goge ido da bakin zane, ta nuna Mas'udu da yatsa. "Kai kuma, in ka ƙara yi mana safurayis ɗin nan, da muciya zan tare ka!" Gida ya kaure da dariya, ita ce kuma ta fara rangaɗa guɗa.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Yau a Faskari in ana maganar ɗinkin mata sai an ambaci Zulaihatu, kuma Hajiya Baraka ce ke karɓar atamfofi a tsakar gida tana yi wa masu gaggawa faɗa. Tsohon teburin na ƙafa yana nan, a kansa ake yanka.

'Yan'uwana matasa, kyakkyawar niyya ba ta isa ba sai an bi ta hanyar da mutane suka sani. A sa manya, a yi bayani. Iyaye kuma a riƙa bincike kafin a yanke hukunci cikin fushi. Da Zulaihatu ta rama, da ta zare rigar nan daga durowa, da shi ke nan. Ta yi haƙuri, ta kyautata zato, ta bar wa mai abu abinta, Allah kuwa bai bar ta ba.