Ɗan Kunnen Kaka

Ranar da wani maƙerin zinare ya fara shiga shagon furanni, fure ɗaya ya saya, ya tsaya gaban mai shagon yana fizge ganyensa yana ƙirgawa.

"Malam, me ya yi maka?" ta ce.

"Darasi nake ɗauka. Tun zamanin Fir'auna maƙera ke satar zane a jikin fure."

"To Ɓarawo, gobe ka zo da wuri, kafin masu imani su saye."

Wata shida yana zuwa da wuri. Sunan Ɓarawo ya bi shi, shi kuma ya sa mata 'Yar Fure.

Da maganar aure ta taso, mamarta ce ta ƙi. Ta riga ta zaɓa mata wani mai kantin magani, mutum mai farar riga, wanda hirarsa ma kan sa barci. Baba yana bayan jarida, inda yake fakewa tun farkon aurensu.

Da naci ya yi yawa, Mama ta buɗe akwati ta fito da ɗan kunne guda.

"Na mahaifiyata ne. Furen wardi ne, irin na manyan gidaje. Ɗayan ya ɓata yau shekara talatin, maƙera uku sun gaza. In ya ƙera ɗan'uwansa, na yarda."

Wardi uku ya ƙera, Mama ta dawo da duka ukun. Mai kantin magani ya fara tambayar farashin kujerun biki.

Maƙerin ya tura mata saƙo: "'Yar Fure, hannuna ya ƙi. Ko dai in koyi sayar da magani?"

Ta amsa: "Kar ka soma. Kawo min ɗan kunnen shago, Mama ba ta taɓa bari na riƙe shi ba."

Ta ɗaga shi a hasken taga. Ganye biyar, baƙin ido a tsakiya, ɗan tsinke a tsaye. Dariya ta kama ta har sai da ta dafa kanta.

"Ɓarawona, wannan furen kuɓewa ne! Kaka a lambu ta girma."

Da sassafe ya tafi lambu da takarda da fensir, don furen kuɓewa ba ya kai la'asar. Kwana tara yana aiki.

Mama ta jera biyun a tafin hannunta, ta kasa gane tsohon. Hawaye suka zubo mata.

"Yau na ga wardi na gaskiya."

"Haka ne, Mama," in ji maƙerin, kansa a ƙasa.

Baba, mai kuɓewa layi biyu a bayan gida, ya sauke jarida, ya duba, ya dubi maƙerin, ya mayar da jaridarsa.

Ranar biki amarya ta sa su. Mama ta bi baƙi ɗaya-ɗaya tana ba su tarihin wardi. Baba ya kama hannun ango ya raɗa masa:

"Shekara talatin ina riƙe da bakina. Yanzu mun zama biyu. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."