Ɗage a Bakin Katanga

Da ɗingishi Rafari, alƙalin wasan ƙwallo, ya shiga sashen gashin ƙashi na asibiti. Shekara biyu ke nan agararsa, jijiyar nan ta bayan dunduniya, tana ciwo, har bin 'yan ƙwallo a fili ya gagare shi. Budurwar likitar da ta karɓe shi ta ɗora masa na'urar hoto. Shi kuwa bawan Allah, maimakon ya dubi allon, sai ya shagala da kallonta.

"Malam, nan za ka duba," ta ce tana danne dariya. "Lafiyayyar agara zarenta a jere yake kamar sabuwar igiya. Taka ta yi kauri, zaren ya hargitse. Kwanciya ba za ta gyara ta ba. Ka hau matakala, ka yi ɗage, ka sauke dunduniya a hankali, safe da yamma, har wata uku."

Sai ranar da ta sallame shi ya samu bakin faɗa mata yana sonta, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Mai Ɗingishina, kar soyayya ta sa ka bar ɗage," ta rubuto masa.

"Likitata, duk inda na ga matakala sai na hau."

Ashe da gaske yake. Ranar da ya fara zuwa gidansu, yana jiranta a waje, ya ga dakali jikin katanga ya haye. Babanta na zaune a tsakar gida, sai ya ga kan mutum ya ɓullo saman katanga, ya nutse, ya sake ɓullowa, har sau goma sha biyar.

"Ba zan ba mai leƙen gidan mutane 'yata ba!" Baba ya rantse, da ya ji saurayinta ne.

Ta yi bayani har da hawaye, ya toshe kunne. Hankalin Rafari ya tashi ƙwarai, don ya ga za ta kuɓuce masa.

Da ya je ban haƙuri ya durƙusa, sai ya lura tsohon yana murza bayan dunduniyarsa.

"Baba, takun farko da safe ya fi zafi, ko?"

Baba ya zaro ido. "Wa ya gaya maka? Ko 'yar tawa ban bari ta sani ba, kar a ce za a yanka ni."

"Irin nawa ne sak, kuma ba a yanka ni ba. Ita ta duba ka tukuna, sai in nuna maka."

Bayan mako guda maƙwabta suka ga kawuna biyu suna hawa da sauka saman katangar.

Ranar ɗaurin aure Baba ya tako ba ko sanda, ya kama hannun ango.

"Na ba ka ita, Allah Ya yi muku albarka. Amma in za ka yi ɗagen nan a unguwarku, ka riƙa juya wa katanga baya."