Koren Ɗigon Marigayi Kadri

Ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamban 2023, aka fara zaluntar Nimatu, 'yar Malama Zalika ta unguwar Parkchester.

Aikinta amsa saƙonni ne a wani ofishin aika kaya a Manhattan, hawa na tara. Ma'aikatan ba sa tashi su yi wa juna magana. Shafin hira ne a buɗe a burauzar kwamfuta, kowane suna da ɗigo a gefensa, kore in mutum yana kan kujerarsa. Dokar manaja ita ce duk wanda aka kira a shafin ya amsa cikin minti biyu. Sau biyu aka ja wa Nimatu kunne. Na uku kora ce.

A Nuwamba magariba kan riski mutum a teburinsa tun biyar ba ta yi ba. Uwar ta sha gaya mata cewa in an kira sunanta a wannan lokaci ba ta ga mai kira ba, ta yi gum.

"Inna, nan fa New York ce," in ji ta. "Aljanin ma sai da takardar zama."

Ran nan sauran sun sauka taro a hawa na takwas, aka bar ta tsaron shafi. Iyafis na kunnenta, tana jin shirin fodkas na wasu mata biyu masu gardama kan dahuwar wake da shinkafa. Taga ta yi ja. Bututun ɗumama ɗaki yana ƙas, ƙas.

Sai ɗigon Kadri ya koma kore.

Kadri abokin aikinta ne, ɗan zangon Kumasi. Kwana tara da binne shi. Kamfanin bai rufe asusunsa na shafin ba.

Saƙo ya faɗo: "Nimatu."

Agogon minti biyu ya fara lissafi a gefen shafin. Ta ce a ranta wani ne ke mugun wasa. Ta ɗora yatsu a kan madannan kwamfuta.

Matan fodkas suka yi shiru a tsakiyar dariya. Ba tsayawa shirin ya yi ba, daƙiƙunsa na tafiya. Numfashi take ji, a kunnen hagu kaɗai.

"Nimatu," a hankali, da muryarsa.

Ƙanshin kafur ya cika wurin, irin na likkafani. Kujerar da ke bayanta, wadda ba mai zama a kai tun rasuwar, ta yi ƙara kamar an jingina.

Saura daƙiƙa arba'in. Ta janye hannunta, ta matse shi a cinya.

A akwatin amsarta harafi ya fito da kansa. N. Sai a.

Madannan suna nutsewa ba mai taɓa su.

Saura harafi ɗaya a cika "Na'am".

Ta duƙa ta fizge wayar wuta daga bango. Wani abu mai sanyi ya shafi wuyanta. Ba ta waiwaya ba. Hawa tara ta sauko ta matakala, takalmi ɗaya, tana Ayatul Kursiyyu tana sarƙewa.

Tun ranar kunnenta na hagu bai ƙara jin komai ba. In an kira ta, ko uwarta ce, sai ta ga fuska take amsawa.

Washegari manaja ta rubuta a babban shafin, gaban ma'aikata arba'in da ɗaya, cewa Nimatu ce ta shiga asusun mamaci don ta tsorata mutane, ta kuma gudu daga aiki. Ba a tambaye ta ba, ba a duba daga wace kwamfuta saƙon ya fito ba. Aka sallame ta.

Malama Zalika ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyarwa, ba ta taɓa hukunta ɗalibi ba ta ji ta bakinsa ba. Wasiƙa huɗu ta aika, ba amsa, daga ofishin da ke korar mutum a kan minti biyu. Ba aikin take so a mayar wa 'yarta ba. So take a rufe asusun Kadri, domin an ce ɗigon yana nan kore, kuma an zaunar da wata sabuwa a teburin Nimatu. Sannan tana so manajar ta koma shafin da ta ɓata yarinyar, gaban mutum arba'in da ɗayan nan, ta rubuta sunan Nimatu cikakke, ta ce ta yi mata ƙazafi, ta nemi gafararta.