Tsuntsuwar da Aka Mayar wa Ido

Tokuji Hamaoka ne ya sace mini akwati, ni Fusa. Maƙwabcina na shekara arba'in, mai gyaran kayan urushi, wato fentin ƙaron itace mai sheƙi, a nan Wajima ta ƙasar Japan.

Akwatin na kakan mijina ne, baƙi wuluk, da tsuntsayen almara biyu da ake kira ho-o, an zana su da garin zinariya a murfinsa, namiji da mace. An ce ba sa sauka sai inda ake zaman lafiya. Tun da mijina Genzo ya mutu, da su nake hira. Gefen akwatin ya tsage, na kai wa Tokuji gyara. Kwana uku da dawo da shi, ƙuraje suka feso mini a hannu.

Na ɗauki akwatin sai caji ofis. Sufeto Nagase ya dubi hannun.

"Iya, ai asibiti za ki."

"Ɗan nan, a garin nan aka haife ka kuwa? Urushin da ya shekara ɗari ba ya cizo. Sabo ke cizo. An musanya mini."

Muka tafi shagon Tokuji.

"Dole ya cije ta, Yallaɓai," in ji shi. "Ɗanyen urushi na sa a tsagar. Tsufa ke damun Yaya Fusa, da akwati fa take magana."

"Don ba ya ƙarya irin taka, mai kan kabewa!"

Sufeto ya juyo gare ni. "Iya, ina kika fi taɓawa?"

"Idon macen. Kullum da safe nake shafa shi da babban yatsa, har ya goge. Makauniya ce tuntuni."

Sufeto ya kai murfin bakin taga. Ga ido nan yana ƙyalli.

"Shi ma na gyara mata," in ji Tokuji da sauri.

Sufeto ya shafa wurin. "Yatsan shekaru yakan bar kwarmi, Baba. Nan sumul yake."

Tokuji ya zauna daɓas.

"Komai na kwaikwaya, har tabon tsagar. Amma hannuna ya ƙi barin ho-o ba ido."

Ya ce ya sayar wa wani dillali a birnin Kanazawa na ainihin. Aka sa masa ankwa, aka fita da shi. Ko kallona bai yi ba.

Yanzu wai dillalin bai san na sata ba ne, wai akwati ya ƙetare teku, wai an rufe fayil. An bar ni a ɗaki da baƙin tsuntsaye, ban san me zan ce musu ba.

Sufeto Nagase, da hannunka ka rubuta sunan dillalin nan, ina kallo. Ka kawo shi gabana ya faɗa mini da bakinsa a hannun wa ya damƙa makauniyata. Ba zan tashi daga bencin ofishinka ba sai ya amsa.