Wadda Ta Hau Bayan Keken Harisu

Ana gab da magariba Harisu ya gama ɗaura faifan birki a tayar baya ta kekensa mai inji. Da ma shi ba a gaya masa. Ya gwada, birkin ya yi ƙara, sai ya dangwalo baƙin mai ya shafe faifan har yana ƙyalli. Sannan ya ɗaura matashi a kan kariyar baya, wurin zaman fasinja, ya fesa masa turare, don gobe zai ɗauki Amatullah, wadda zai aura, zuwa Faskari.

Yayarsa Hussaina ta leƙo daga zaure. "Ba a yi wa wurin zama turare a fita da shi wayam da almuru, Harisu. Gayyata ce."

"Yaya, ki bar wa tsofaffi wannan zancen."

Ya tada inji ya kama hanyar Mairuwa don ya gwada keken. Gonakin dawa dama da hagu, ba kowa. Iska tana kawo warin fetur da hayaƙin murhu daga nesa.

A bakin gangare keken ya nutsa ta baya, kamar an hau.

Ƙamshin turaren ya ɗauke. Warin tsohuwar rijiya ya maye gurbinsa.

Ya matse birki. Faifan ya zame sumul. Gudu ya ƙaru, ga kwalbati can ƙasa.

Aka ja tsaki a bayan kunnensa.

"Mai a birki," in ji wata murya ta mace, a hankali. "Da wannan za ka ɗauko ɗiyar mutane?"

Ya ƙara matse birkin da ƙarfi.

"Ko notin ba ka ɗaure ba. Ni na ɗauka namiji ne ya gayyace ni."

Wani dogon hannu ya miƙa ƙasa ya damƙi faifan. Ƙarfe ya yi kuka. Ƙauri ya tashi.

Keken ya tsaya cak, tayar gaba tana leƙen ramin kwalbatin.

"Ba ka isa a ɗauke ka ba," ta ce. Bayan keken ya yi sakayau.

Washegari ya wanke faifan tas, ya sake takalmin birki, ya ɗaure kowane noti, ya gwada a fili kafin ya je ƙofar gidan su Amatullah. Shatin yatsun da ke kan faifan dai bai goge ba.

A hanya birkin ya yi ƙara. Amatullah ta ce, "Ba za ka ɗan sa masa mai ba?"

"Bar shi ya yi ta tsakinsa," in ji Harisu, bai waiwaya ba.